Ƙidayar ƙwari a busasshen dajin Hawai: me ɗan sa-kai zai iya yi?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a garin Hilo na jihar Hawai ta Amurka, kuma aikin jinya nake karantawa. Na ga sanarwa ana neman 'yan sa-kai da za su shiga dajin Pu'u Wa'awa'a su duba ƙwai da tsutsar wani ƙwaro da aka ce yana dab da ƙarewa. Ina sha'awar zuwa, amma ban taɓa karanta ilimin ƙwari ba, ga ƙawayena suna ce mini ɓata lokaci ne mutum ya wuni a rana yana leƙen ganye. Shin wanda ba masani ba zai tsinana wani abu, ko cika taro kawai zai yi? Kuma in na je, me zan tarar?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta ƙunshi abu biyu: ko idon wanda bai karanta fannin ba yana da daraja a irin wannan aiki, da kuma yadda aikin yake a zahiri. Amsar ta farkon ita ce e, yana da daraja ƙwarai, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba zai fito miki fili ba sai kin san ƙwaron da dajin da kuma dalilin da ya sa ake duba shi tun farko.

Ƙwaron da ake nema

Ƙwaron da ake yi wa wannan zagaye a yankin Kona, da ke yammacin tsibirin da Hilo yake, wani babban faɗa-wuta ne, wato dangin malam-buɗe-littafi masu fita da dare, wanda masana ke kira Manduca blackburni. An raɗa masa sunan Thomas Blackburn, wani limamin coci ɗan Ingila da ya zauna a Honolulu yana tattara ƙwari, kuma a shekarar 1880 aka fara bayyana shi a rubuce. Idan ya buɗe fikafikansa yakan kai santimita 12, shi ya sa ake lissafa shi a matsayin mafi girman ƙwari 'yan asalin tsibiran. Launinsa toka-toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, da ɗigo biyar ruwan lemo a kowane gefe na cikinsa. Babu shi a ko'ina a duniya sai Hawai.

A ƙarshen shekarun 1970 masana sun yanke ƙauna, sun ɗauka ya ƙare. Sai a 1984 aka sake ganinsa a tsibirin Maui, daga baya aka same shi a Kaho'olawe da kuma babban tsibirin da kike zaune a kai. A shekarar 2000 gwamnatin tarayyar Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ya zama ƙwaron Hawai na farko da ya shiga jerin. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya nuna miki wani abu game da aikin dubawa: halitta na iya kasancewa a wuri shekara da shekaru alhali takardu suna cewa babu ita, saboda kawai ba a sami wanda ya je ya duba a lokacin da ya dace ba.

Babban yakan sha ruwan furanni da dare, kuma ganinsa sai an dace. Abin da ake iya bi a ƙirga shi ne ƙwai da tsutsa, domin su suna manne da ganye, ba sa tashi. Tsutsar ba kowane ganye take ci ba, sai na dangin tumatir da gauta da taba da zaƙami. Abincinta na asali shi ne ganyen wata bishiya da mutanen Hawai ke kira 'aiea. Wanda ya san tsutsar kaɗanya da ke fitowa da damina a ƙasashenmu, wadda rayuwarta ke rataye da bishiyarta, zai gane irin wannan dangantaka ba tare da dogon bayani ba. Bayan tsutsar ta yi saɓa sau da dama ta ƙoshi, sai ta sauko ta shige ƙasa ta kwanta cikin kwansonta. In yanayi ya yi kyau, daga ƙwai zuwa tashi ba ya wuce wata biyu, amma in ruwa ya yi ƙaranci tana iya zama a ƙasa har kusan shekara. Ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Dajin da abin da ya same shi

Ke da ke Hilo kin saba da ruwan sama kusan kullum, domin garin yakan sami sama da milimita 3,000 a shekara. Duwatsun tsakiyar tsibirin suna tare gajimare, sai ɓangaren yamma ya zama busasshe, kuma a nan Pu'u Wa'awa'a yake, a gangaren arewa na dutsen Hualalai. A da wannan daji yana cikin mafi yawan nau'o'in itatuwa a tsibiran baki ɗaya, kamar yadda masanin tsirrai Joseph Rock ya shaida a 1913. Akwai bishiyar lama, wadda 'yar gida ɗaya ce da kanyarmu, akwai wiliwili, wadda dangin minjirya ce, ga 'aiea da wasu da dama da ba a samun su a wata ƙasa.

Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na busasshen dajin Hawai ya tafi. Mafarin ɓarnar dabbobi ne masu kofato, waɗanda tsibiran ba su san su ba kafin zuwan mutane. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya bar awaki a 1778, ɗan ƙasarsu Kyaftin Vancouver ya kawo shanu a 1793, Sarki Kamehameha na Hawai ya hana yanka su don su yaɗu, suka kuwa yaɗu fiye da kima. Shi kansa Pu'u Wa'awa'a ya yi kusan shekara 100 yana wurin kiwon shanu kafin a mayar da shi hannun sashen kula da dazuka da namun daji na jihar. Yawancin tsirran da suka rayu dubban shekaru ba tare da dabbobi masu kofato ba ba su da ƙaya ko ɗacin kare kai, don haka duk ɗan tsiron da ya leƙo sai akuya ta tsinke shi. Abin da ya rage shi ne tsofaffin itatuwa a tsaye babu magada a gindinsu.

Sai kuma ciyawa. An shigo da wata ciyawa mai tunku daga nahiyarmu ta Afirka a farkon ƙarni na 20 don ƙawata gidaje, wadda masana ke kira Pennisetum setaceum. Ta tsere daga lambuna ta mamaye ƙasar dutse, ta cike gurbin da a da wuta ba ta iya tsallakewa. In gobara ta tashi, itatuwan asali su mutu, ita kuwa ta sake tohowa da ƙarfi fiye da da, gobara ta gaba ta fi ta baya ci. Gobarar Lahaina ta watan Agustan 2023, wadda ta hallaka kimanin mutum 100 a Maui, ta nuna wa duniya abin da busassun baƙin ciyayi ke iya jawowa. Ƙari a kan haka, Hawai ba ta da tururuwa ko cinnaka 'yan asali, duk shigo da su aka yi, kuma suna cin ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Akwai kuma wasu mitsi-mitsin zanzaro da ke saka nasu ƙwan a cikin ƙwan faɗa-wutan.

Dalilin da ya sa ake neman idanu da yawa

A nan ne lamarin ya yi sarƙaƙiya, kuma a ganina a nan ne amsar tambayarki take. Da 'aiea ta yi ƙaranci, har nau'inta na yankin Kona shi ma ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa, sai ƙwaron ya koma wa wata baƙuwar shuka daga Kudancin Amurka, wato bishiyar taba, Nicotiana glauca, mai ganye shuɗi-shuɗi mai santsi da dogayen furanni rawaya. Wannan shuka annoba ce a wurin masu kula da daji. Tana fitowa a bakin hanya da duk inda aka tone ƙasa, tana toshe hanyoyin da aka share don tare gobara, ga ta da guba ga mutum da dabba. Hankali zai ce a sare ta duka. Amma yanzu a kanta ake samun mafi yawan ƙwai da tsutsar da doka ta haramta a taɓa.

Dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta Amurka, ta 1973, ta hana kashe irin wannan halitta ko cutar da ita ko kama ta ba tare da izini ba, kuma jihar Hawai tana da tata dokar makamanciyarta. Saboda haka mai kula da daji yana tsakanin wajibai biyu. In ya bar tabar ta cike hanyar tare gobara, wuta ɗaya za ta iya cinye ragowar 'aiea da duk abin da aka shuka. In ya sa ma'aikata su share ba tare da dubawa ba, zai hallaka abin da yake ƙoƙarin ceto. Mafita ita ce a san inda ƙwaron yake da lokacin da yake wurin, sannan a tsara sara. Shawarar da hukumar kifi da namun daji ta tarayya ke bayarwa ita ce a cire tabar tun ba ta kai tsawon ƙafa uku ba, wato kusan mita ɗaya, wadda kuwa ta wuce haka a duba ta tukuna, a nemi ƙwai da tsutsa da alamun cin ganye, kuma a yi dubawar a lokacin ruwa.

To, shukokin sun kai dubbai, a warwatse a kan ƙasa mai wuyar tafiya, ma'aikata 'yan kaɗan ne, lokacin kuma gajere, domin tsutsar ta fi bayyana a watannin ruwa, daga wajen Oktoba zuwa Mayu, musamman 'yan makonni bayan ruwa mai ƙarfi ya sa shuka ta yi sabon toho. Babu yadda masani ɗaya ko biyu za su juya ganyen da ake bukatar juyawa. Wannan shi ne gurbin ɗan sa-kai. Takardar da za ki cike ita ce za ta taimaka wajen yanke shawarar ko a share wani layi wannan watan ko a jira.

Yadda yinin aiki yake

Daga abin da na gani a ayarin masu dubawa, a can yankin Kona da kuma irinsa a dazukan Sahel, ilimin da ake bukata daga gare ki ana koyar da shi a safiya ɗaya. Za a nuna miki shukar, a nuna miki hotunan ƙwai da tsutsa a kowane mataki, a haɗa ki da wanda ya saba. Za a ba ku layi ko fili mai lamba, ku bi shi shuka bayan shuka, kuna rubuta tsawon kowace, da yanayin ganyenta, da wurinta a na'urar GPS, da abin da kuka gani a kanta.

Ga yadda ake duba shuka ɗaya. Kafin ki taɓa ta, ki fara kallon ƙasa a gindinta. Babbar tsutsa takan zubar da kashi, ƙwayoyi baƙi-baƙi masu tsaga-tsaga a jiki, kuma sau da yawa shi ke tona asirinta kafin ido ya kai gare ta. Sannan ki ɗaga kai ki duba kan rassa: in an cinye ganye har ya rage jijiya, ko an gutsure kan toho, akwai mai aikin a kusa. Tsutsar iri biyu ce, koriya shar da kuma mai launin toka, dukansu da fararen zane a gefe da ɗan ƙaho a baya, kuma takan miƙe a jikin reshe ta yi shiru har mutum ya dube ta ya wuce. Daga nan sai ki bi ganye ɗaya-ɗaya, ki kama shi a hankali da yatsu biyu ki juya bayansa. Ƙwan ɗan dunƙule ne kore-kore, girmansa kamar ƙwayar gero, kuma yawanci guda ɗaya ake samu a wuri, ba tuli ba. In kika ga ƙwai ya yi baƙi, ki rubuta hakan daban, domin alama ce ta zanzaron nan ya riga ya shige shi. Ƙaramar tsutsa sabuwar ƙyanƙyasa kuwa siririya ce ƙwarai, takan kwanta a kan jijiyar tsakiyar ganye, kuma 'yan ƙananan hudoji a ganyen ne ke nuna inda take.

Karatun da kike yi ya riga ya ba ki rabin abin da ake so. Mai aikin jinya an koya mata ta duba majiyyaci na ashirin da irin kulawar da ta ba na farko, ta rubuta abin da ma'auni ya nuna, ba abin da take tsammani ba. Wannan ɗabi'a ta fi mini digiri a ilimin ƙwari a wurin wanda zai bi layi tare da ni.

Sharaɗin da na ambata

Sharaɗin shi ne gaskiya a rubutu, kuma jarrabawarsa tana zuwa ne a ranar da ba a ga komai ba. Akwai ranakun da za ki juya ganye tun safe har rana ta take, ba ƙwai ba tsutsa. A nan ne sababbin zuwa sukan karaya, hannu ya fara sauri, a duba rabin shuka a rubuta an gama. Ina so ki fahimci cewa sifilin da aka samu bayan cikakken dubawa bayani ne mai nauyi daidai da tsutsa goma, domin a kansa za a dogara a ce wa masu adda su shiga. Sifilin da aka rubuta da gaggawa kuwa ya fi rashin zuwa illa, saboda zai shiga kundin bayanai da kamannin gaskiya, ba wanda zai iya bambanta shi da na ƙwarai. In kin gaji, ki faɗa, a rubuta cewa an tsaya a shuka kaza. In reshe ya fi ƙarfin tsawonki, ki rubuta cewa ba a duba samansa ba. In kin ga tsutsar da ba ki tabbatar ba, ki ɗauki hoto ki kira jagora, domin akwai wasu manyan faɗa-wuta a tsibirin da tsutsarsu ke da ƙaho irin wannan.

Haka nan kada tausayi ya sa ki ɗauke tsutsa ki mayar da ita wata shukar da kike ganin ta fi ganye. Izinin taɓawa yana hannun waɗanda aka rubuta sunansu a takardar izini, kuma aikinki gani ne da rubutawa, sai in jagora ya umarce ki da wani abu a ƙarƙashin kulawarsa. Ki kuma guji sanya ainihin wurin da aka ga ƙwaron ko wata bishiya mai wuyar samu a Facebook ko Instagram.

Ya kamata kuma ki san iyakar abin da wannan ƙidaya ke iya faɗa, don kada ki ɗora mata abin da ba za ta ɗauka ba. Ba ta ba da jimillar ƙwarin da suka rage, domin babba yana tashi nesa, kuma wadda ke kwance a ƙasa cikin kwanso ba a ganinta. Shekarar fari za ta iya ba da adadi kaɗan alhali ƙwaron yana nan a ƙasa yana jiran ruwa, shekarar ruwa kuma ta ba da adadi mai yawa ba tare da an sami ci gaba na haƙiƙa ba. Ko cikakken dubawa yakan rasa wasu ƙwai. Amfanin yana fitowa ne idan aka bi wurare iri ɗaya da hanya iri ɗaya shekara bayan shekara, shi ya sa masu tsara aikin suka fi son mutum ɗaya da zai riƙa dawowa a kan taron da za su zo sau ɗaya. Ra'ayina kuma shi ne ƙidaya ita kaɗai ba ta ceton ƙwaron. Muddin ya dogara da shukar da dole a riƙa sarewa, yana cikin haɗari. Abin da zai tsayar da shi shi ne a dawo da 'aiea cikin shingen da akuya da tunkiya ba sa shiga, a cire ciyawa, a tare wuta. An ga abin da hakan ke haifarwa a Auwahi da ke Maui, inda tun 1997 'yan sa-kai ke shuka itatuwan asali a cikin shinge, har wurin da ya zama makiyaya ya sake rufewa da daji. Don haka in aka kira ranar dashe ko tattara iri a Pu'u Wa'awa'a, ki ɗauke ta da muhimmanci daidai da ranar ƙidaya.

Shirin tafiya

Ƙasar wurin daskararren aman dutse ne mai kaifi, yana motsi a ƙarƙashin ƙafa, kuma ciyawa takan rufe ramuka. Ki sa takalmi mai kauri da ya rufe idon sawu, da dogon wando mai ƙarfi a ƙarƙashin duk abin da kika saba sawa, domin zane ko doguwar riga mai jan ƙasa za su riƙa sarƙewa. Hijabi gajere mara nauyi da malafa a kai sun wadatar. Ki ɗauki ruwa fiye da yadda kike zato, da safar hannu, kuma ki wanke hannu kafin cin abinci saboda gubar ganyen. In yinin ya faɗo cikin azumi, ki sanar da jagora tun farko, ko ki zaɓi wata rana, domin inuwa kaɗan ce a wurin kuma asibiti ba kusa yake ba. Maganar sallah ma ki faɗa da wuri a san lokacin hutu.

Za a bukaci ki goge takalminki da jakarki kafin shiga da bayan fita, a fesa musu sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin kashi 70. Kada ki yi wasa da wannan, musamman da yake daga ɓangaren Hilo za ki taso, inda cutar da ke kashe bishiyar 'ohi'a ta fara yin ɓarna, ga irin ciyayi da ƙananan cinnaka da ke bin laka da kaya. Dajin yana da matsayi a al'adar 'yan asalin Hawai, kuma wani lokaci akan fara aiki da waƙar neman izinin shiga a harshensu. Tsayuwa cikin natsuwa ta isa daga gare ki. In takardar izinin karatu ta ɗaliban ƙasashen waje kike riƙe da ita, ki leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ki sanar da su cewa aikin sa-kai ne ba na albashi ba. Ranakun fita da wurin haɗuwa suna canzawa da yanayin ruwa, don haka ki tuntuɓi waɗanda suka fitar da sanarwar, ki tambaye su ko suna da motar da ke ɗaukar mutane daga ɓangarenku, kuma ki gaya musu tun yanzu sau nawa za ki iya dawowa a wannan kakar ruwan.